Yadda Za Ka Gyara Matsalar Loda Fayil da Izinin Folda a Kan Sabar

Tambayar da masu haɗa shafukan intanet suka fi yawan turo mini ita ce: na tura fayil zuwa sabar ta ƙi karɓa, yaya zan yi? Wani FileZilla ne ke jero masa jan rubutu, wani WordPress ne ke ce masa ya kasa ƙirƙirar folda, wani kuwa fayil ɗin ya hau lafiya lau, amma da ya buɗe shi a burauza sai 403 ta tare shi. Kuma yawancinsu kafin su tambaya an riga an ba su shawarar su mayar da izinin folda 777, wato su buɗe ta ga kowa. Don Allah ka dakata da wannan. A mafi yawan lokuta lambar izinin lafiyarta ƙalau, abin da ya lalace shi ne mallakar foldar, wato sunan da aka rubuta a matsayin mai ita.

Zan yi misali da WordPress a kan sabar Linux, ko dai hostin na haɗaka mai cPanel, wato shafin da ake sarrafa asusun hostin da shi, ko VPS mai Ubuntu da kake riƙe da ragamarsa da kanka. Ka bi matakan a jere, domin na farkon su ne masu sauƙi, kuma ba sa ɓata komai.

Kayan aiki

Kana buƙatar FileZilla ko WinSCP don tura fayil, da hanyar shiga sabar ta SSH, wadda ke ba ka damar rubuta mata umarni daga nesa. A Windows 10 da 11 umarnin `ssh` yana aiki kai tsaye a PowerShell, wasu kuma sun fi sabawa da PuTTY. Mai wayar Android zai iya amfani da Termux. Duk waɗannan kyauta ne, kuɗin da za ka kashe na data ne kawai. Kafin ka canza izinin komai, ka ɗauki kwafin ajiya na shafin. A VPS za ka iya adana yadda izinin yake a yanzu da `getfacl -R /var/www/shafi > izini.txt` (a nan da sauran umarnai ka sa hanyar foldar shafinka a madadin `/var/www/shafi`), in abu ya rikice ka san inda ka fito. Umarnin yana cikin kunshin acl, in babu shi sai ka saka.

Mataki na 1: Karanta saƙon kuskuren a tsanake

Saƙon da ya fito shi zai gaya maka matakin da za ka nufa, saboda haka ka kwafe shi yadda yake.

Idan FTP ya ce 530, ba ka ma shiga ba, sunan shiga ko kalmar sirri ce ba daidai ba. Idan ya ce 550 ko 553, ka shiga amma an hana ka rubutu a wurin. 552 na nufin wurin ajiyarka ya cika. 421 kuwa yawanci haɗi ne ya yi yawa a lokaci guda, sai ka rage adadin fayilolin da FileZilla ke turawa tare zuwa biyu.

A burauza, 403 na nufin sabar ta ga abin amma ba ta da ikon karanta shi ko nuna shi. 413 na nufin fayil ɗin ya wuce girman da aka yarda. WordPress kuma yana da nasa saƙonnin. In ka ga "Unable to create directory wp-content/uploads/2025/03. Is its parent directory writable by the server?" to batun mallaka ne ko izini. In ka ga "exceeds the upload_max_filesize directive in php.ini", tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 7, izini bai shafe ka ba.

Abin da burauza ta nuna taƙaitawa ce. Cikakken bayanin yana cikin kundin kurakurai na sabar. A Ubuntu yana `/var/log/apache2/error.log` ko `/var/log/nginx/error.log`, a AlmaLinux da Rocky Linux kuma na Apache yana `/var/log/httpd/error_log`. Ka buɗe shi da `sudo tail -f`, ka bar shi a buɗe, sannan ka sake gwada lodin, za ka ga layin kuskuren ya fito a gabanka tare da ainihin hanyar fayil ɗin da aka hana. A cPanel ka duba Errors a ƙarƙashin Metrics.

Mataki na 2: Duba ko wuri ya cika

Wannan minti ɗaya ne. Ka rubuta `df -h` ka ga ko akwai ɓangaren da ya kai 100%. Sannan ka rubuta `df -i`. Na biyun yana ƙirga adadin fayilolin da faifan zai iya ɗauka, kuma yana iya ƙarewa alhali akwai sauran gigabait a faifan, musamman idan ƙananan fayiloli na wucin gadi sun taru. Kamfanonin hostin na haɗaka da yawa suna iyakance wannan adadi, za ka gan shi a gefen shafin farko na cPanel tare da Disk Usage. Ka lura da `/tmp` ma, domin PHP can yake fara ajiye fayil kafin ya mayar da shi mazauninsa.

Mataki na 3: Gano wanda ke ƙoƙarin yin rubutun

A nan yawancin mutane ke ɓacewa. Idan ka tura fayil ta SFTP, wato tura fayil ta kan SSH, sunanka na shiga ne ke rubuta shi. Idan kuma ka loda hoto ta cikin WordPress, ba kai ne ke rubutawa ba, PHP ne, kuma PHP yana aiki da wani suna dabam. A Ubuntu da Debian sunan `www-data` ne. A AlmaLinux da Rocky Linux yawanci `apache` ne. Shi ya sa za ka iya jefa fayil a folda ta FileZilla ba matsala, amma WordPress ya kasa, ko kuma akasin haka.

Don ka san sunanka, rubuta `id`. Don ka san na PHP, rubuta:

`ps aux | grep -E 'php-fpm|apache2|httpd|nginx'`

Ka duba kalmar farko a kowane layi. Za ka ga layi ɗaya na `root`, sunan da ke da cikakken iko a sabar, wannan shi ne uban aikin da ke tayar da sauran, ka ƙyale shi. Sauran layukan su ne masu rubutu. Idan PHP-FPM kake amfani da shi, sunan yana rubuce a `/etc/php/8.3/fpm/pool.d/www.conf` a Ubuntu 24.04, a 22.04 kuma ka sa 8.1 a madadin 8.3.

Yanzu dubi foldar kanta:

`ls -la /var/www/shafi/wp-content`

A ce ka ga layi kamar haka:

`drwxr-xr-x 5 root root 4096 Mar 12 09:14 uploads`

Harafin `d` na farko yana nuna folda ce. Haruffa tara da suka biyo baya kashi uku ne: uku na mai foldar, uku na rukuninta, uku na sauran jama'a. `r` karantawa, `w` rubutawa, `x` kuma ga folda yana nufin ikon shiga cikinta. A wannan layin mai foldar ne kaɗai ke da `w`, kuma mai foldar `root` ne. Ga matsalar nan a fili. Izinin 755 ne (bayanin lambobin yana mataki na 5), babu aibi a cikinsa, amma `www-data` yana cikin sauran jama'a, ba shi da ikon rubutu. Wannan na faruwa ne idan aka warware zip ɗin shafin da `sudo`, ko aka kwaso shi daga tsohuwar sabar ana `root`.

Kada ka tsaya a zato, gwada da sunan PHP ɗin kansa:

`sudo -u www-data touch /var/www/shafi/wp-content/uploads/gwaji.txt`

In ya yi shiru, rubutu ya yiwu, matsalarka tana wani wurin. In ya ce "Permission denied", ka kama ta. Wannan gwajin za ka riƙa maimaitawa bayan kowane gyara.

Masu cPanel sun huta da yawancin wannan, domin a can PHP yawanci yana aiki ne da sunan asusunka. Idan duk da haka ka ga fayiloli mallakar `root` ko `nobody` a cikin gidanka, ba za ka iya canza su da kanka ba, sai ka nemi kamfanin hostin ya gyara.

Mataki na 4: Gyara mallaka

Ba wa PHP foldar da yake buƙatar rubutu a ciki:

`sudo chown -R www-data:www-data /var/www/shafi/wp-content/uploads`

Gargaɗi: ka karanta hanyar sau biyu kafin ka danna Enter. Idan sarari ya shiga bayan alamar `/` ta farko, umarnin zai bi ta kan sabar gaba ɗaya, ya canza mallakar fayilolin tsarin, har `sudo` ya daina aiki. Gyaran wannan yawanci sai an sake girka sabar daga tushe.

Mutane da yawa suna miƙa wa `www-data` shafin gaba ɗayansa. Yana aiki, kuma yana sa WordPress ya daina tambayar bayanan FTP duk lokacin da za ka sabunta plugin. Amma ka san abin da ka saya: duk wanda ya samu ɓaraka a plugin ɗaya zai iya sake rubuta kowane fayil na shafin. A ganina, shafin da ke riƙe da bayanan mutane, kamar na makaranta ko na shago, gara a bar ainihin fayilolinsa a hannun sunanka, a ba PHP `uploads` kaɗai da duk foldar da wani plugin ya nema, a riƙa sabuntawa da WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress ta hanyar rubuta umarni.

To idan kana son ku biyun ku iya rubutu a folda ɗaya fa, kai ta SFTP, shi ta WordPress? Sai ka shiga rukuninsa:

`sudo usermod -aG www-data sunanka`

`sudo find /var/www/shafi/wp-content/uploads -type d -exec chmod 2775 {} \;`

Lambar 2 da ke gaba tana sa duk sabon abin da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin foldar. Gargaɗi biyu a nan. Kada ka manta da `a` a cikin `-aG`, domin in babu ita za a cire ka daga sauran rukunonin da kake ciki, har da na `sudo`. Sannan shigarka rukunin ba ta fara aiki sai ka fita ka sake shiga, FileZilla ma sai ka katse haɗin ka sake haɗawa. Da yawa suna ganin gyaran bai yi ba, alhali fita da shiga kawai ya rage.

Fayilolin da ka tura ta SFTP za su iya ci gaba da sauka da 644, wato rukuni ba zai iya gyara su ba. In hakan na damunka, ka ƙara `-u 0002` a ƙarshen layin `Subsystem sftp` da ke cikin `/etc/ssh/sshd_config`. Ka gwada da `sudo sshd -t` kafin ka sake tayar da SSH, kuma ka bar taga ɗaya ta SSH a buɗe har sai ka tabbatar sabuwa tana shiga.

Mataki na 5: Gyara lambobin izini

Lissafin mai sauƙi ne: karantawa 4, rubutawa 2, shiga ko gudanarwa 1. Ka haɗa su ga kowane kashi. 7 duka ukun ne, 6 karatu da rubutu, 5 karatu da shiga, 4 karatu kawai. Ƙa'idar da ta dace da yawancin shafuka ita ce folda 755, fayil 644.

`sudo find /var/www/shafi -type d -exec chmod 755 {} \;`

`sudo find /var/www/shafi -type f -exec chmod 644 {} \;`

Idan ka yi tsarin rukuni na mataki na 4, ka sake mayar da `uploads` 2775 bayan waɗannan. Kada ka yi `chmod -R 644` a kan folda, zai cire `x` daga foldodin duka, shafin ya mutu nan take. `chmod -R 755` kuma yana sa kowane fayil ya zama abin gudanarwa ba tare da dalili ba. Shi ya sa ake raba su biyu da `find`.

A FileZilla ka danna foldar da maɓallin dama, ka zaɓi File permissions, ka sa 755, ka kunna Recurse into subdirectories, ka zaɓi na foldodi kaɗai. Sai ka maimaita da 644 ka zaɓi na fayiloli kaɗai. Gargaɗi ga masu cPanel: foldar `public_html` kanta yawanci 750 take, rukuninta `nobody`. Haka aka tsara ta, ka bar ta. Abin da ke cikinta za ka gyara.

Fayil ɗin `wp-config.php` yana ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayananka, ka matse shi zuwa 640 ko 600, muddin PHP zai iya karanta shi. In mallakar sunanka ce, ka sa rukuninsa `www-data` ka ba shi 640.

Yanzu batun 777. Ma'anarsa kowane suna da kowace manhaja a kan sabar za su iya rubutu, gogewa da canza abin da ke cikin foldar. Lodin zai yi, shi ya sa shawarar ke yawo, amma ainihin matsalar tana nan ba a taɓa ta ba, kuma an ƙara mata wata. Wasu sabar masu cPanel ma ba sa yarda su gudanar da PHP daga foldar da ke 777, sai shafin ya koma 500. In ka riga ka yi, ka nemo su da `find /var/www/shafi -perm 0777` ka mayar da su, sannan ka leƙa cikin `uploads` ko akwai fayil mai ƙarewa da `.php`. Wurin hotuna da takardu ne, duk PHP ɗin da ba ka san asalinsa ba a can abin bincike ne. Ƙaramin `index.php` mara komai a ciki da wasu plugin ke ajiyewa shi ne kawai ba abin damuwa ba.

Mataki na 6: Bi hanyar tun daga sama

Wani lokaci foldar da kake kallo daidai take ta kowace fuska, amma 403 ta ƙi tafiya. Ko ƙofar ɗaki a buɗe take, in zaure a kulle yake baƙo ba zai kai gare ta ba. Sabar na buƙatar `x` a kan kowace folda tun daga `/` har zuwa inda fayil ɗin yake. Umarnin da ke nuna maka duka a jere shi ne:

`namei -l /home/sunanka/shafi/index.php`

Ka bi layukan daga sama, ka nemi wanda ba shi da `x` a kashi na ƙarshe. Tun daga Ubuntu 21.04, sabuwar foldar gida a `/home` tana zuwa da 750, saboda haka duk wanda ya ajiye shafinsa a can zai ci karo da wannan. Za ka iya buɗe hanyar wucewa kaɗai da `chmod o+x /home/sunanka`, amma na fi son a mayar da shafin `/var/www`, inda aka tanada dominsa.

In izinin duk daidai ne, duba ko akwai `index.php` ko `index.html` a foldar, domin rashinsu ma yana jawo 403. Ka kuma tuna Linux yana bambanta manyan haruffa da ƙanana, `Hoto.JPG` da `hoto.jpg` fayiloli biyu ne. Sunayen fayil kuma ka rubuta su ba sarari, ba ƙ, ɗ ko ɓ, ba alamar ɗauri irin ta 'ya'ya, domin wasu tsofaffin manhajojin FTP da na zip suna dagula su a hanya.

Mataki na 7: Iyakar girman fayil

Idan ƙananan hotuna suna hawa amma manya suna ƙi, wannan ne matakinka. PHP yana zuwa da `upload_max_filesize` na 2M da `post_max_size` na 8M, alhali hoton wayar zamani ɗaya yakan wuce 2M. Ka ɗaga su biyun, na biyun ya ɗan fi na farko, misali 64M da 70M. In ka ɗaga na farko kaɗai, babban fayil zai ɓace ba bayani, ko WordPress ya ce maka "The link you followed has expired".

Kuskuren da aka fi yi shi ne gyara `php.ini` da ba shi ke aiki ba. A Ubuntu akwai na `cli`, na `fpm`, da na `apache2`, duk a ƙarƙashin `/etc/php/8.3/`. Abin da `php -i` ya nuna maka na `cli` ne, bai shafi shafinka ba. Bayan gyara ka rubuta `sudo systemctl reload php8.3-fpm`, ko ka sake tayar da Apache. A cPanel ka yi gyaran ta MultiPHP INI Editor ko Select PHP Version. Kada ka zuba layukan `php_value` a `.htaccess` sai ka tabbatar PHP yana aiki a cikin Apache kai tsaye, in ba haka ba 500 za ka samu. Mai PHP-FPM ya yi amfani da `.user.ini`, ya kuma jira minti 5 kafin ya fara aiki.

Nginx yana da tasa iyakar, `client_max_body_size`, wadda ke zuwa a 1m, ita ce ke jefo 413. Ka sa ta 70m a cikin `server`, ka gwada da `sudo nginx -t`, sannan ka sake loda shi. In shafinka yana bayan Cloudflare na kyauta, 100MB ce iyakar abin da zai wuce a tura ɗaya, duk abin da ka rubuta a sabarka. Don ka ga iyakar da ke aiki a zahiri, buɗe shafin loda hoto na WordPress, tana rubuce a ƙasan akwatin.

Mataki na 8: Makullan da ba sa fitowa a ls

In komai ya yi daidai amma har yanzu ana hana ka, a AlmaLinux, Rocky Linux ko Fedora ka rubuta `getenforce`. In ya ce Enforcing, mai yiwuwa SELinux ne, wani ƙarin tsarin tsaro da ke zuwa da waɗannan sabar. Kada ka kashe shi, ka yi wa foldar lakabin da ya dace:

`sudo semanage fcontext -a -t httpd_sys_rw_content_t "/var/www/shafi/wp-content/uploads(/.*)?"`

`sudo restorecon -Rv /var/www/shafi/wp-content/uploads`

In fayil ya ƙi canzuwa har a hannun `root`, duba `lsattr`. Harafin `i` na nufin an daskarar da shi, ana cirewa da `chattr -i`. In ba kai ka sa ba, ka bincika wanda ya sa, domin masu kutse ma suna yin hakan don kada a goge abin da suka dasa.

Wanda ya killace mai SFTP a folda ɗaya da `ChrootDirectory` ya sani dole foldar da duk na samanta su zama mallakar `root`, kuma kada kowa ya iya rubutu a ciki sai shi. In ba haka ba haɗin zai katse da zarar an shiga. Sai ka ƙirƙiri wata folda a cikinta ka ba mutumin. Mai amfani da vsftpd, manhajar FTP ta sabar, kuma ya tabbatar `write_enable=YES` na kunne. Amma in kana da zaɓi ka bar FTP ka koma SFTP ta fot 22, domin FTP yana tura kalmar sirrinka a fili.

Mataki na 9: Idan sabis ne ke yankewa

Wannan ya shafe mu sosai. Sabis ya ɗauke ko wuta ta tafi ana tsakiyar lodi, sai fayil ya sauka rabi, ko ya nuna 0 bait, daga baya shafin ya riƙa kawo kuskuren da zai sa ka zargi izini. Ka kwatanta girman fayil ɗin na kwamfutarka da na sabar, ka kuma leƙa Failed transfers a ƙasan FileZilla.

Shafi mai dubban ƙananan fayiloli ka dunƙule shi zip ɗaya, ka tura, ka warware a can da File Manager ko `unzip`, da sunanka, ba da `sudo` ba. Ka goge zip ɗin bayan ka gama, kada wani ya sauke shi. Ga babban fayil, `rsync` ya fi `scp`, domin yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Ka sa adireshin sabarka a madadin 203.0.113.10:

`rsync -avP shafi.zip sunanka@203.0.113.10:/home/sunanka/`

Fayil mai 500MB da ya yanke sau biyu dab da ƙarshe zai ci maka kusan 1.5GB in kana farawa daga farko kowane karo.

Mataki na 10: Gwaji, da abin da za ka tura wa kamfanin hostin

Ka maimaita gwajin `touch`, ka goge `gwaji.txt`, sannan ka loda ƙaramin hoto da babba ta cikin WordPress. Ka shiga Tools, Site Health, Info, ka buɗe Filesystem Permissions, ya kamata `uploads` ta nuna Writable.

In har yanzu ta ƙi kuma hostin na haɗaka ne, ka buɗe tikiti. Ka sa saƙon kuskuren yadda ya fito, cikakkiyar hanyar foldar, girman fayil ɗin, ranar da lokacin da ka gwada, da ko ta SFTP ne ko ta WordPress. Ka nemi su duba mallakar fayilolin asusunka da kundin ModSecurity, manhajar tsaro da ke tace abin da ke shiga sabar, domin shi ma yakan tare lodi da 403 ba tare da ya nuna maka dalili ba, kuma su kaɗai ke iya ganinsa. Kada ka rubuta kalmar sirrinka a cikin tikitin, suna da hanyar shiga asusunka ba tare da ita ba.